Babi na Shida: Kwabon da Garma ta Tono

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka faro zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ba ta sake samun hutu ba. A da, manomi kan yi huɗa sau ɗaya a shekara, ya girbe gero da dawa, ya bar gona ta sha rana har sai an ga hadari. Yanzu kanal na kawo ruwa rani da damina. A cire shinkafa a zuba alkama, a cire alkama a dasa tumatir ko albasa. An baje tudu, an cike kwari, an ja layin gonaki ta kan tsofaffin kufai. Ƙasar da ake juyawa haka kuwa dole ta riƙa amayar da abin da mutanen da suka bari a cikinta: katangar tukwane, dutsen niƙa, tsohuwar munduwa, da ɗan kwabo mai huda a tsakiya, ya yi kore shar kamar ba kuɗi ba.

Abin da ke faruwa da wannan kwabo a ranar da aka tsince shi, shi ne abin da wannan babi ya sa a gaba. Kusan kowa abu ɗaya yake yi. A goga shi a gefen riga, in bai fito ba a sa yawu da yashi, in an koma gida a jiƙa shi cikin ruwan tsamiya ko lemon tsami, a dirje da toka. Mai ɗan hali ya sayo man goge ƙarfe na Brasso. Kafin la'asar kwabo ya yi ja wur yana ƙyalli, mai shi yana murna, alhali ya gama da shi ke nan. Shekara saba'in a binne ba su yi masa ɓarnar da wannan yinin ya yi masa ba.

Sanin abin da ke hannunka

Kafin maganar wanki, sai an san irin ƙarfen. Jan ƙarfe tsohon kuɗi ne a wannan yanki. Ibn Battuta, da ya sauka Takedda a 1353, ya tarar ana ciniki da ƙananan sandunan jan ƙarfe, ana kuma kai su Gobir da Borno. Amma kuɗin da garma ke tonowa a ƙasar Kano yawanci na zamanin Turawa ne da bayansa, kuma ba duka ne ƙarfe ɗaya ba.

Aninin farko da aka buga a 1907 na alminiyon ne, bai jure ba, aka sauya shi a 1908. Daga nan har zuwa farkon shekarun 1950, anini da ɗari da kwabo duk farare ne, haɗin jan ƙarfe kashi 75 da nikel kashi 25, da huda a tsakiya, da tauraro mai kusurwa shida, da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin. A 1952 aka koma buga su da tagulla, wadda kashi 95 ko fiye na jikinta jan ƙarfe ne, sauran kuza da tutiya. Haka ɗari da kwabon Tarayyar Nijeriya na 1959, shekarar da Babban Banki ya fara aiki, tagulla ne. Haka ma rabin kwabo mai hoton auduga da kwabo mai hoton rijiyar mai, waɗanda suka zo da naira ranar 1 ga Janairu, 1973. Sai a 1991 aka kawo wata dabara ta rage tsada: kwabo ɗaya da kwabo 10 da kwabo 25 na wannan shekara baƙin ƙarfe ne a ciki, aka yi masa riga da jan ƙarfe siririya. Maganaɗisu na kama su, ba ya kama tagullar gaske. Wannan gwaji na daƙiƙa ɗaya yana da amfani, domin kuɗin da cikinsa baƙin ƙarfe ne, in ka jiƙa shi a ruwa, tsatsa ce za ta kumbura ta ɗage rigar.

Kore biyu ne

Ga inda akasarin mutane suke ruɗewa. Koren da ke jikin tsohon jan ƙarfe iri biyu ne, ɗaya mai tsaronsa ne, ɗaya mai cinsa.

Idan jan ƙarfe ya daɗe yana haɗuwa da iska da danshi, samansa kan rikiɗe sannu a hankali. Da farko wata fata ce ja mai duhu take kwanciya a kansa. In yana cikin ƙasa, wata fata koriya mai tauri da santsi kan hau bisa waccan. Masu sana'ar adana kayan tarihi suna kiranta fatina. Aikinta kamar na makuba ne a jikin ginin ƙasa: ta sha ruwa da rana a madadin abin da ke ƙarƙashinta. Abin da mai tsamiya bai sani ba shi ne, wannan fata ba datti ba ce da ta zauna a kan kuɗin. Saman kuɗin ne da kansa ya canza. A kwabon da ya daɗe a binne, rubutu da shekara da kambin sarauta sau da yawa a cikin fatar suke zaune. Ka narkar da ita, ka narkar da rubutun, abin da zai rage maka faifan ƙarfe ne mai ramuka kamar fuskar mai zanzana. Kuma sabon ƙarfen da ka tone tsirara yake, zai fara lalacewa daga farko, da sauri fiye da da.

Kore na biyu shi ne ake kira cutar tagulla. Ba a rasa gane shi in an taɓa gani: fari-farin kore ne, gari-gari, yana tsirowa ɗigo-ɗigo, in ka taɓa da tsinke sai ya zube, ka tarar da rami a ƙarƙashi. Ka share yau, bayan mako biyu ya dawo. Ba ƙwayar cuta ba ce, aikin gishiri ne. Sinadarin kuloraid, wanda ke cikin gishirin miya da gumin mutum da wasu irin ƙasa, yakan ratsa ya haɗu da jan ƙarfe can ƙarƙashin fata, ya kwanta shiru muddin ba iska ba danshi. Ran da aka fito da kuɗin sarari, danshi da iska suka same shi, sai ya haifar da wannan koren gari tare da asid. Asid ɗin ya ci sabon ƙarfe, ya sake samar da abin da aka fara da shi, a sake zagayowa. Ba ya tsayawa da kansa sai ƙarfen ya ƙare.

Dalilin da ya sa na ɗauki ƙasar su Bunkure misali ke nan. Kuɗin da ya kwana a ƙasar tudu busasshiya, mai shan ruwa wata huɗu kacal a shekara, yana da sauƙin sha'ani. Gonar noman rani kuwa jiƙa take ta bushe, ta sake jiƙa ta bushe, shekara da shekaru, kuma inda magudanai suka toshe ruwa ya kwanta, gishiri kan taso har ka gan shi fari-fari a kan kunya. Ga taki. Sinadarin fotash da ke cikin takin NPK galibi a siffar kuloraid yake zuwa, yuriya kuma tana sakin amoniya, wadda ita ma ba ta ga maciji da jan ƙarfe. Abin da ke ciyar da tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan, shi ne ke cin kwabon da ke ƙarƙashinsa. Sai kuma yanayinmu ya ƙara nasa. Da hunturu danshin iska a Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, cutar ta yi barci, mai kuɗi ya ɗauka lafiya lau. A watan Agusta ya haura kashi 70, sai a buɗe adaka a tarar da koren gari a gindin gwangwani.

Yadda masana suke yi

A Birtaniya, sana'ar adana kayan tarihi ta hanyar kimiyya ita ma danshi ne ya haife ta. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Gidan Tarihi na Birtaniya ya ɓoye kayansa a ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan don tsoron bom. Da aka fito da su aka tarar da yawa sun lalace. Aka kira masanin sinadarai Alexander Scott ya duba, daga nan aka buɗe ɗakin bincike a 1920. Harold Plenderleith, wanda ya yi aiki a wannan ɗaki, ya fitar da littafinsa a 1956, aka daɗe ana koyar da ma'aikatan gidajen tarihi da shi a ƙasashe da dama.

Wanda ya taɓa kallon gwani yana aiki, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne yawan lokacin da yake ɓatawa bai taɓa komai ba. Zai ɗauki hoton gaba da baya, ya auna nauyi, ya rubuta inda aka samo, ya sa kuɗin ƙarƙashin madubin ƙara girma ya daɗe yana dubawa. Tambayarsa ɗaya ce: me zai cutar da wannan abu in an bar shi a kai? Abin nan kaɗai zai cire. Yana kuma da ƙa'idar cewa duk abin da zai shafa, ya zama wanda wani zai iya cirewa gobe ba tare da ɓarna ba.

Laka da ƙasa, ruwa ne maganinsu, amma tataccen ruwa wanda aka samu daga tururi, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba asid ɗin batir ba. Ruwan rijiya da na famfo da na leda duk suna ɗauke da gishirin da ake gudu. A jiƙa, a riƙa sauya ruwan, in ƙasar ta yi laushi a ɗauke ta da buroshi mai taushi da tsinken sakace. Wasu ƙaya suke amfani da ita, domin ta fi laka tauri amma ba ta kai ƙarfe ba, kuma ƙayar aduwa ko ta bagaruwa ba ta fi ƙarfin kowa ba a ƙasar Kano. Allura da reza sai hannun da ya ƙware, a ƙarƙashin madubi. Maiƙo da dauɗar hannu da ragowar gam kuma asiton ke ɗauke su, ba ya taɓa ƙarfen, sai dai yana kama wuta, ba a aiki da shi kusa da murhu ko a ɗaki rufe.

In an tabbatar akwai cutar tagulla, aikin ya zama na haƙuri. Za a kwashe garin daga cikin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Sannan a jiƙa kuɗin cikin ruwan wani sinadari mai suna sodiyam seskwikabonet, kimanin kashi 5 cikin 100, ana sauyawa ana gwada ruwan, har kuloraid ya daina fitowa. Wannan kan ci makonni, wani lokaci watanni. Abin sha'awa, wannan sinadari shi ne babban abin da ke cikin kanwa. Kada mai karatu ya ji haka ya ruga kicin. Kanwar kasuwa, ko ungurnu ce ko jar kanwa, gauraye take da gishiri da yashi, wato ka kawo maganin da cutar a cokali ɗaya. Bayan jiƙon, a busar da kuɗin sarai, a tsoma shi cikin benzotirayazol, kashi 3 cikin 100 a ruwan sifirit. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Brinch Madsen, shi ya gabatar da wannan hanya a 1967. Sinadarin yana manne wa jan ƙarfe ya yi masa shamaki. Ana zargin yana iya jawo ciwon daji, don haka aiki ne na safar hannu da takunkumi, ba na tsakar gida ba. Daga ƙarshe a rufe da siririn shafi na Paraloid B-72 ko kakin Renaissance, wanda aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin na Landan a shekarun 1950.

Akwai masu tara kuɗi da ke rantsuwa da man zaitun, su jiƙa kwabo a ciki wata da watanni. Ban yarda da su ba. Mai yana da nasa asid, yana baƙanta fatar, yana shiga ramuka ya ƙi fita, ya kuma rufe cutar tana ci a ɓoye. Man gyaɗa da manja sun fi shi muni. Masu sa wa kuɗi wutar batir a ruwan gishiri kuwa, su da mai tsamiya duk tafiyarsu ɗaya.

Muna da misali a gida na yadda aikin gwanaye yake. A 1992 aka haƙa wasu kaburbura a Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani a Jihar Katsina, aka sami mundaye da tasoshin tagulla da kayan ado na ɗaruruwan shekaru. A 2007 aka kai su gidan tarihi na birnin Mainz a Jamus, inda aka gyara su aka yi nazarinsu, har aka gane akwai kayan da fatake suka kawo daga nesa, daga baya aka dawo da su. Da a ranar da suka fito wani ya dirje su da toka don ya burge baƙi, da an rasa zanen da ke jikinsu da ragowar abubuwan da suka manne musu, waɗanda su ne shaidar.

Kasuwa ba ta son ƙyalli

Wani zai ce shi ba ruwansa da tarihi, sayarwa zai yi. To, nan ma wanki asara ne. Masu sayen tsofaffin kuɗi a duniya suna da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya ƙirƙiro a 1949, kuma don kuɗin jan ƙarfe na Amurka ya fara yin sa. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC na 1987, sukan duba kuɗi su rufe shi a kwanson roba da lambarsa. A jan ƙarfe har launi suke rubutawa: ja na asali, ko ja da ya fara duhu, ko ruwan ƙasa. Jan da suke nufi shi ne wanda kuɗin ya fito da shi daga maƙera, kuma ba ya dawowa in ya tafi. Jan Brasso daban yake, ɗan koyo ma yana gane shi daga ƙananan ƙarce da ke bin fuskar. Kuɗin da aka gano an wanke, ba sa ba shi lamba ma, sai su rubuta cewa wankakke ne, farashinsa ya faɗi.

Gaskiyar da ba a son ji kuma ita ce yawancin kuɗin nan ba su da tsada. Miliyoyi aka buga. Kwabon 1959 da ya ci hannu ya ci ƙasa, a kasuwar duniya bai fi kuɗin shayi da burodi ba. Akwai waɗanda ake nema: na shekarun da aka buga kaɗan, da masu kuskuren bugu, kamar kwabon 1956 da ya fito da sunan Sarki George na Shida shekara huɗu bayan rasuwarsa. Akwai kuma na 1936 masu sunan Edward na Takwas, wanda ya sauka daga sarauta kafin a saki kuɗi da sunansa a Ingila, ko da yake waɗannan suna da yawa. Sau da yawa bambancin mai tsada da mara tsada wani ɗan harafi ne ƙarami mai nuna maƙerar da ta buga, H na Heaton a Birmingham ko KN na King's Norton. Shi ne kuma farkon abin da yashi ke shafewa. Duk wanda ya zo maka da labarin wai akwai wani sinadari a cikin anini da Turawa ke saye da miliyoyi, ka riƙe aljihunka, ɗan damfara ne.

Ajiya

Mafi yawan aikin adanawa ba wanki ba ne, wurin ajiya ne, kuma wannan kowa na iyawa. A riƙe kuɗi ta gefensa, ba ta fuska ba, saboda gumi. Kada a sa shi a jakar fata, ko da ta kasuwar Kurmi ce mai kyau, domin man jima da asid ɗinta kan haifar da wani kore mai danƙo. Kada a ɗaure da robar ɗaure kuɗi, kada a naɗe a jarida, kada a sa a leda mai laushi irin ta PVC, wadda ke yin gumi kore a jikin ƙarfe. Kada kuma a ajiye shi a ɗakin da ake jibge buhunan taki ko albasa, abin da ba baƙo ba ne a gidan manomin rani. Kowane kuɗi da ambulan ɗinsa, a rubuta bayaninsa da fensir, a zuba su a mazubi mai rufuwa gam, tare da ƙullin silika, irin ɗan ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani, amma da yawa. In danshin cikin mazubin ya tsaya ƙasa da kashi 40 cikin 100, cutar tagulla ba ta motsi. A duba a farkon damina da tsakiyarta. Wanda ya nuna koren gari a ware shi daga 'yan'uwansa.

Idan kuwa ba kwabo ɗaya ba ne, tukunya ce guda ko asusu aka ci karo da shi, magana ta canza. A 2010 wani mutum mai suna Dave Crisp ya gano tulu cike da kuɗin Rumawa a wata gona kusa da garin Frome a Ingila. Bai zazzage ba, ya mayar da ƙasa ya kira masana. Suka kwashe kuɗin hawa-hawa, guda 52,503, aka kai Landan aka wanke su a tsanake, kuma daga yadda aka jera su a tulun aka fahimci a lokaci ɗaya aka zuba su. Tukunyar Bunkure ba za ta kai wannan ba, amma tana da nata labari. Kuɗin da ya fi kowanne sabunta a ciki yana faɗa maka shekarar da ba a binne ta kafinta ba. Yawan sule a kan kwabo yana faɗa maka ko tarin mai gyaɗa ne da ke jiran haraji, ko adashin tsohuwa mai ƙuli-ƙuli. Da zarar an raba wa yara, an kai wasu wa maƙerin fari ya narka ya yi zobe, wannan labari ya tafi.

Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita doka ta ɗora wa alhakin irin waɗannan abubuwa, kuma tana da ma'aikata a Gidan Makama, daura da fadar Sarkin Kano. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha tana Gidan Ɗan Hausa. Abin da ya rage shi ne saƙon ya isa gona. Malaman gona da shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa suna tare da manoman Kura da Bunkure da Garun Malam kowane mako, suna maganar iri da taki da kuɗin ruwa. Ina roƙonsu su ƙara magana ɗaya a kai: wanda ya tono tsohon kuɗi kada ya wanke, ya ɗauki hotonsa da waya a inda ya gan shi, ya bar shi ya bushe a inuwa, ya sanar da mai unguwa, a kira Gidan Makama.